Tunatarwa ga 'Yan'uwa a Kan Maraicin 'Ya Mace

Muna farawa da sunan Allah, Mai rayawa, Mai kashewa, wanda rayuka duka suke hannunsa. Godiya ta tabbata gare shi bisa abin da ya bayar da abin da ya karɓa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu wanda ya tashi maraya, da alayensa da sahabbansa da matansa iyayen muminai.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, almajiri kake a gaban allo ko ɗan kasuwa a bakin rumfa, Allah ya gafarta mana da ni da kai. Wannan 'yar takarda ce na tara a cikinta abin da ya sawwaƙa na tarihin 'ya'ya mata waɗanda iyayensu mata suka rasu suka bar su ƙanana. Abin da ya sa ni rubuta ta kuwa shi ne, sau da yawa na bi jana'izar mace daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa maƙabartar Tarauni. Mu maza mu ɗauki makara, mu yi salla, mu rufe, mu karkaɗe ƙasar hannunmu, mu yi wa miji gaisuwa, sa'an nan kowa ya koma harkarsa. Alhali a cikin gidan akwai wata wadda babu wanda ya yi mata gaisuwa, domin an ce yarinya ce, ba ta san komai ba. Lokacin wanka an aike ta maƙwabta, ta dawo ta tarar da shimfiɗa babu kowa. Ba ta ga kabari ba, domin mata a wurinmu ba sa rakiyar gawa. An ce da ita innarki ta yi tafiya. Bayan sadakar uku mutane suka watse, bayan arba'in aka raba kaya. Miji, idan Allah ya hore masa, ya sake aure kafin shekara ta zagayo, kuma babu laifi a kansa. Ita kuwa yarinyar nan ba ta sake uwa har ta koma ga Allah.

Fa'ida. Ka sani malaman lugga sun rarrabe sunayen maraici a Larabci. Wanda ubansa ya rasu kafin ya balaga suna ce masa yatimu, wanda uwarsa ta rasu ajiyyu, wanda ya rasa su duka biyu laɗimu. To, da yake mafi yawan hukunce-hukuncen da muke karantawa a kan yatimu suke, sai waɗansu suka ɗauka wanda ubansa yake raye ba shi cikin waɗanda ake tausaya wa. Bahaushe bai rarrabe ba. Da wanda ya rasa uba da wanda ya rasa uwa duk maraya yake ce musu, mace kuwa marainiya. Har suna ya ajiye wa jaririn da aka mutu aka bari, yana ce masa Talle, wato abin tallafi.

Fasali na farko: abin da ya gudana a gidan Annabta

Ka sani, Allah ya yi maka rahama, wannan ciwo ya shiga gida mafi daraja har sau uku a jere, daga uwa zuwa 'ya zuwa jika.

Nana Hadiza, Allah ya ƙara mata yarda, ta rasu a Makka a shekara ta 10 bayan aiko Annabi, shekara 3 kafin hijira, jim kaɗan bayan fitowarsu daga ƙuncin da Ƙuraishawa suka sa su a ciki a lungun Abu Ɗalibi. Ita ce shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki. Ta bar Nana Faɗimatu, ƙaramar 'ya'yanta mata, ba ta kai ga aure ba. Sai Nana Saudatu 'yar Zam'atu ta shigo gidan ta riƙe shi, kuma tare da ita Faɗimatu da Ummu Kulsumi suka yi hijira zuwa Madina. Faɗimatu ta tashi tana kula da mahaifinta har aka yi mata laƙabi da uwar babanta. Wannan kuwa hali ne da za ka gan shi ga marainiya a kowane zamani: takan girma da wuri, ta ɗauki tukunya da tsintsiya da goyo tun ƙashinta bai yi ƙwari ba. Da aka zo aurenta da Sayyidina Aliyu a shekara ta 2 bayan hijira, waɗansu mata ne suka gyara mata ɗaki, kayan ɗakin kuwa mayafi ne da salkar ruwa da matashin kai na fata da dutsen niƙa. Wadda ta haife ta tana kwance a Hajunu, can Makka.

A cikin wannan shekara ta 2, bayan yaƙin Badar, yayarta Zainabu ta aiko daga Makka da fansar mijinta Abul Asi wanda Musulmi suka kama. A cikin fansar akwai wata sarƙar wuya wadda Nana Hadiza ta ba ta ranar aurenta. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga sarƙar, sai tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai idan sun yarda su saki mutumin su mayar mata da abinta, suka yarda. Ka dubi wannan da kyau, ya kai mai rabon kayan mamaci. Sarƙar nan a kasuwa tana da farashi, amma a wurin 'yar da aka ba wa ita babu ma'aunin da zai auna ta.

Zainabu ta rasu a shekara ta 8, ta bar 'yarta Umamatu ƙarama. Umamatu ita ce wadda ya zo a cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa kakanta yakan ɗauke ta yana salla, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya sake ɗaukarta. Sa'an nan Faɗimatu ta rasu a shekara ta 11, wata 6 bayan mahaifinta, ta bar Hasan da Husaini da Zainabu da Ummu Kulsumi, Zainabu tana wajen shekara 5 ko 6. Masu tarihi sun ambata cewa Faɗimatu ta yi wa Aliyu wasiyya ya auri Umamatu 'yar yayarta, kuma ya aure ta. Marainiya ce ta nemar wa marayunta marainiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita kuwa Zainabu 'yar Aliyu, bayan shekara 50, a shekara ta 61, ita ce ta tsaya a kan mata da yaran da suka saura bayan waƙi'ar Karbala.

Tanbihi. Kada ka ce wa wadda take kukan uwarta bayan shekaru masu yawa ba ta da haƙuri. Shi kansa Annabi mahaifiyarsa Aminatu ta rasu a Abwa'u yana da shekara 6, kuma ya zo a cikin Muslim cewa ya ziyarci kabarinta ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka, wannan kuwa bayan shekara fiye da 40. Kuma ya kasance idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Hadiza, kuma yana yawan ambatonta a gaban iyalinsa. Bai shafe sunanta daga gidan ba don ya auri waɗansu.

Fasali na biyu: labarin Nana Asma'u 'yar Shehu

Mu dawo ƙasarmu. An haifi Nana Asma'u a Degel a shekarar 1793, su tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan. Mahaifiyarsu ita ce Maimunatu, matar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta farko, kuma 'yar'uwarsa ta jini. Maimunatu ta rasu Asma'u tana ƙarama ƙwarai. To, su wa suka rene ta? Abokan zaman mahaifiyarta ne, A'ishatu wadda ake kira Iya Garka da Hauwa'u wadda ake kira Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello. Wato waɗanda a bakin mutanenmu ake ce musu kishiyoyin uwa.

Ka tsaya a nan kaɗan. Dukkanmu mun tashi muna jin tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa, da ta 'yar bora da 'yar mowa, yadda ake ba wa ɗaya ƙanzo a ba wa ɗaya tuwo da mai, a aiki ɗaya rafi mai nisa cikin dare. Tsofaffi ba su ƙagi waɗannan tatsuniyoyi a banza ba, abin da suka gani ne suka sa masa riga. Amma gidan Shehu a Degel hujja ne a kanmu cewa wannan hali ba wajibi ba ne ga matar uba. Matan nan biyu masu ibada ne da zuhudu, suka riƙe yarinyar da ba su haifa ba, ta yi karatun Alƙur'ani da fiƙihu da lugga a cikin gidan tare da yayyenta mata irin su Hadiza. Kuma ɗan Hauwa'u, wato Bello, wanda a al'adarmu za a ce ɗan ubanta ne abokin gasa, shi ne ya zama mafi kusancin 'yan'uwanta gare ta a wajen ilimi da shawara. Abin da uwa ta shuka a zuciyar ɗanta game da 'yar kishiyarta, shi yake tsirowa.

Tana wajen shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ta ga zamanin Tafkin Kwatto a wannan shekarar, da wahalar Alwasa a 1805, da yunwa da cuta da tafiyar ƙasa, har aka ci Alƙalawa a 1808. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda daga baya ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Bello. A 1817 mahaifinta ya rasu a Sakkwato, kuma a cikin wannan shekarar ta rasa tagwaicinta Hasan. Ƙaninta Isa, wanda aka haifa bayan rasuwar Shehu, a hannunta ya tashi, kuma shi ne daga baya ya mayar da waɗansu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa. Wadda aka rena ta rena.

Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai wajen 60, kuma an tattara su an buga a littafi guda a 1997 da ƙoƙarin Jean Boyd da Beverly Mack. Idan ka duba su za ka tarar marsiyya ta ɗauki kaso mai yawa. Ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta yi wa 'yar'uwarta Faɗimatu, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu matar Bello a 1855. Kuma ba ta tsaya ga manya ba, ta yi wa maƙwabciyarta Halimatu, ta yi wa Zaharatu wadda take taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa, ta yi wa Hauwa'u ɗaya daga cikin jajinta. A cikin marsiyyar A'ishatu ta bayyana cewa hawayen tausayi da bege shari'a ba ta hana su ba, abin da aka hana shi ne kururuwa. Malama ce mai sanin hukunci, kuma ba ta ji kunyar a san tana kuka ba.

Ka lura da wani abu. Mai yin marsiyya yana lissafa halayen wanda ya sani ne: kyautarsa, da haƙurinsa, da maganarsa. Wadda uwarta ta tafi tun tana goye kuwa, ko wannan ba ta da shi. Ba ta da murya da za ta tuna, ba ta da fuska. Sai abin da aka gaya mata. Saboda haka wanda ya san mamaciyar kuma ya ƙi ba wa 'yarta labarinta, ya hana ta gadon da babu alƙalin da zai karɓar mata shi.

Tsakanin 1830 da 1840 Asma'u ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa da jan ƙyalle. Jaji ta tattaro 'yan mata da tsofaffi ta kawo su wurinta, su koyi waƙoƙin tauhidi da tsarki da salla da zaman aure da tarihin Annabi, su koma su koya wa matan da suke cikin gidaje. Abin da suka zo da shi na hatsi da zuma da man shanu da saƙi ta raba wa mabukata. Ƙasa ce wadda yaƙi ya cika ta da zawarawa da marayu da kuyangi waɗanda aka raba da iyayensu. Ka duba abin da jaji take koyarwa, za ka ga yawancinsa abin da uwa take koya wa 'yarta ne a tsakar gida. Har mutane suka riƙa kiranta Uwar Gari. Ta rasu a 1864 aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru a bayanta.

Fasali na uku: ranakun da maraici yake dawowa

Mutane suna zaton baƙin cikin yaro kamar ruwan sama ne a kan rairayi. Ba haka yake ga 'ya mace ba, domin al'adarmu ta rataya manyan ranakunta duka a wuyan uwa.

Ranar da ta fara ganin jinin al'ada, uwa ake gaya wa. Marainiya takan ɓoye cikin tsoro, ta yi ta salla ko ta bar salla ba bisa sani ba. Lokacin aure, uwa ce take tara kwano da tukunya da zannuwa shekara da shekaru daga kuɗin sana'arta da adashinta. Daren kai amarya, uwa ce take yi mata faɗa na ƙarshe. Haihuwar fari, gida ake komawa wanka, a yi kwana 40 uwa tana dafa ruwa tana dama kunu tana karɓar jariri cikin dare. Idan zama ya yi tsami ta yi yaji, ɗakin uwa ake nufa kafin a zo biko. Wadda ba ta da wannan ɗaki takan haɗiye abin da bai kamata a haɗiye ba, domin ta san babu inda za ta. Kuma ranar da shekarunta suka kai shekarun da uwarta ta rasu a cikinsu, ko cikinta ya tsufa alhali uwarta wajen haihuwa ta tafi, tsoron da yake shigarta Allah kaɗai ya san shi. Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Wata marubuciya a Amurka, Hope Edelman, wadda uwarta ta rasu tana da shekara 17, ta tattara labaran mata masu yawa a littafin da ta fitar a 1994, kuma abin da suka faɗa shi ne ciwon yakan kwanta ya tashi a kowace gaɓa ta rayuwa.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mu. Uwa tana kunyar 'yar fari, ba ta kiran sunanta, ba ta wasa da ita a gaban mutane. 'Yar fari tana jira ne sai ta girma sa'an nan ta gane son da yake bayan wannan kawaici. Idan uwar ta rasu kafin nan, yarinyar ta zauna da tambaya har tsufa: shin ta so ni kuwa? Wanda ya san amsa ya gaya mata.

Na san wata tsohuwa a Gyaɗi-Gyaɗi mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta haura shekara 70, har jikokinta sun yi aure. Kowace Juma'a takan kawo wa almajirai sadakar waina. Wata rana na ce da ita, "Iya, wannan sadaka ta wace ce?" Ta ce, "Ta Innata ce, Malam." Na ce, "Allah ya jiƙanta, yaushe ta rasu?" Ta ce, "Ina da shekara 7. Tana yi mini kitso naƙuda ta kama ta, ta ce in jira ta. Kwana uku ina yawo da rabin kai a tsefe, babu wanda ya lura, sai wata maƙwabciyarmu ta kira ni ta ƙarasa mini. Malam, fuskarta ta ɓace mini, amma har yau in ana yi mini kitso hannunta nake ji." Ta ce 'yarta ta fari sunan uwar aka sa mata, suna kiranta Ummi. Ka san wannan al'ada tamu ta yi wa mahaifiya takwara a riƙa cewa Ummi ko Mama ko Uwani. Sau da yawa idan ka ji mace tana kiran 'yar jaririya da Mama, kalmar da aka katse mata tun tana yarinya ce take mayarwa bakinta.

Fasali na huɗu: abin da yake ɗauke iyaye mata

Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma wanda ya hukunta ajali shi ne ya yi umarni da neman magani, kuma rigakafi ya fi magani. A da, yaƙi da yunwa da annoba su suke yawan raba uwa da 'ya, kamar yunwar 1914 da murar 1918 da sanƙarau na 1996 wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan. Amma ƙofar da ba ta taɓa rufuwa ba ita ce haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata 287,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, 82,000 daga cikinsu a Nijeriya, wato fiye da rubu'i. Sababan kuwa sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga wadda hawan jini yake kawowa, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa, da ƙarancin jini. Kuma mutuwar uwa takan ja ta ɗa. A wani bincike da aka yi a Matlab ta ƙasar Bangaladash aka buga a 2010, cikin yara 100 da uwarsu take raye 89 suke kai shekara 10, cikin waɗanda uwarsu ta rasu kuwa 24 kaɗai.

Wannan magana an daɗe da saninta a ƙasarmu. Likita Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, suka tarar matan da ba su je awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, mutuwarsu ta ninka ta masu zuwa awo sau da yawa. Kuma ya nuna cewa babban maganin abin shi ne karantar da mata, abin da Asma'u ta tsaya a kansa fiye da shekara 100 kafin nan. A nan gefenmu kuwa, a kan titin Zariya, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wanda aka kafa a 1988. Farfesa Hadiza Galadanci ta wannan asibiti da Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani bincike da aka buga a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga adadin jinin da ya zuba da wuri, sa'an nan a haɗa magunguna a ba ta gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba. Da wannan aka rage mummunar zubar jini da abin da take jawowa da kashi 60 cikin 100.

To, ya kai ɗan kasuwa, asibiti yana nan, amma ba ya zuwa gida ya ɗauki mace. Sau nawa naƙuda ta yi tsanani maigida yana Kantin Kwari ko Dawanau ko ya tafi fatauci, mata suna tsaye suna jiran izininsa har jini ya ƙare? Ka bayar da izini tun cikin yana ƙarami, a gaban shaida. Ka ajiye kuɗin mota da na magani a hannun wadda take gida. Ka bar ta ta je awo. Idan an nemi jini ka miƙa hannunka, kai da almajiranka da yaran shagonka. Ka tanadi ragon suna tun wata bakwai, yaya za ka kasa tanadin abin da zai sa mai jegon ta ga ranar sunan?

Fasali na biyar: haƙƙin marainiya a kanka

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku da Hotoro a wajen ganuwa suke, gari ne ya faɗaɗa ya haɗiye su, kuma da yawan mazaunansu daga wani wuri suka zo, suna zaune a gidan haya. A babban gida na cikin birni ko na ƙauye, idan uwa ta faɗi akwai kaka da inna da goggo a sassa na kusa. A gidan haya kuwa babu kowa sai maƙwabta. An ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki, to a irin waɗannan unguwanni nauyin ya faɗo kan maƙwabci da malamin makaranta.

Na farko, riƙo. Abin da yake cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin shi ne, idan uwa ta rasu riƙon yaro yana komawa ga kaka, sa'an nan 'yar'uwar uwa, sa'an nan idan babu kowa a dangin uwa sai 'yan'uwansa mata da goggonni, kuma riƙon 'ya mace yana zarcewa har ta yi aure ta tare. Kuma Annabi ya hukunta 'yar Sayyidina Hamza ta zauna a gidan Ja'afaru saboda matarsa 'yar'uwar uwarta ce, ya nuna 'yar'uwar uwa tana matsayin uwa. Saboda haka kada girman kai ya sa ka yanke yarinya daga dangin uwarta. Ciyarwa tana kanka ko a ina take.

Na biyu, gado. Kayan ɗaki da sarƙa da 'yan kunne da awaki da kuɗin adashi da bashin da take bi da ragowar sadakin da ba ka cika ba, duk dukiyar mamaciya ce. Miji yana da rubu'i idan akwai ɗa ko 'ya. 'Ya ɗaya idan babu ɗa namiji tana da rabi, biyu ko fiye suna da sulusi biyu, idan da namiji kuwa yana da rabon mata biyu. Ba a shimfiɗa wa amarya gadon mamaciya, ba a zuba rabon yarinya a cikin jari a ce ai duk gida ɗaya ne. Idan za ka juya mata shi ya halatta, amma ka rubuta, ka kafa shaidu. Kuma ko an sayar da komai, a bar mata abu ɗaya da hannun uwarta ya taɓa, ko da zane ne ko ludayi.

Na uku, kada a cire ta daga karatu don ta yi reno ko talla ko aikatau, kuma kada a gaggauta aurar da ita don a huta da ita. Na huɗu, a gaya mata gaskiya gwargwadon hankalinta, a daina ce mata an yi tafiya, domin mai jiran matafiyi ba ya barin bakin ƙofa. A koya mata yi wa uwarta addu'a, wannan ita ce igiyar da ba ta tsinkewa tsakaninsu. Na biyar, idan za ka sake aure ka tambayi halin matar game da yara kafin ka tambayi kyanta, kuma ka karanta mata labarin Iya Garka da Inna Garka. Kai kuma ka riƙa duba kan 'yarka da ƙafarta da kwanonta da idonka, domin marainiya ba ta kai ƙara. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Cikawa. Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Wanda ya karanta, ya karanta wa matan gidansa, wanda ya kwafa kuma kada ya rage. Idan ka sake dawowa daga maƙabartar Tarauni, kafin ka koma rumfarka, ka tambaya ko mamaciyar ta bar 'ya mace, kuma a hannun wa za ta kwana. Allah ya jiƙan iyayenmu mata, waɗanda muka sani da waɗanda aka ba mu labarinsu. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya marayu, ya saka wa masu riƙonsu da alheri. Allah ya gafarta wa marubuci da mai kwafa da mai karatu da mai saurare. Amin.